In kun haɗu da doki a hanya, ki yi magana ya ji muryarki

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kin ce kina zaune a Bronx ta birnin New York kuma kina so ki kai yaranki uku da Mama da ta zo muku daga gida gandun nan na Rockefeller State Park Preserve kafin sanyi ya kankama, sai aka ce miki hanyoyin wurin mutane da dawaki ne ke bin su tare, shi ne hankalinki ya ɗan tashi kina tambaya ko akwai hatsari, kuma me mutum zai yi in ya yi kiciɓis da doki. To ni dai a barga na tashi a Katsina, mahaifina Allah ya jiƙansa bai taɓa rabuwa da doki ba har ya bar duniya, sannan da na zo nan Amurka na yi shekaru ina aiki a wata barga a nan Westchester, gundumar da gandun yake ciki, ina share ɗakunan dawaki ina wanke su ina raka masu koyon hawa, kuma hanyoyin nan da kike magana na bi su a ƙafa na bi su a kan sirdi. Ki je abinki, wlh wuri ne da ya dace da iyali, amma ki karanta abin da zan faɗa miki ki kuma faɗa wa yaran tun a gida.

Da farko ki san irin wurin. Yana kusa da garin Tarrytown da Sleepy Hollow, wajen mil 30 arewa da tsakiyar birnin New York, filin iyalin attajirin nan ne John D. Rockefeller mai kamfanin man fetur, daga baya suka ba gwamnatin jiha aka buɗe shi a matsayin gandun jama'a a 1983, yanzu ya haura eka 1,700. Hanyoyin da ke ciki shi tsohon da ɗansa John D. Rockefeller Jr. ne suka shimfiɗa su don keken doki, tsawonsu ya kai wajen mil 45, faɗinsu kamar mita 5, an zuba musu niƙaƙƙiyar tsakuwa an daddaɓe. Wannan ne ma ya sa nake cewa ki tafi da Mama ba fargaba, saboda hanyar da aka yi don doki ya ja keke ba a yi mata tudu mai tsini, a hankali take hawa tana lanƙwasa tana zagaye tudun, mai ciwon gwiwa ma zai iya, keken tura jariri ma yana bi lafiya lau. Kuma an hana shiga da keke ko babur, an hana hura wuta, an hana kwana, don haka kin huta da fargabar wani ya taho a guje a kan keke ta bayan yaro. Daga Bronx jirgin ƙasa na Metro-North layin Hudson za ku hau, akwai tasha a Morris Heights da University Heights da wadda ke kusa da filin wasan Yankees, ku sauka a Tarrytown ku ɗauki tasi ko Uber zuwa ofishin baƙi da ke kan titin 117, in kuma da mota ne akwai kuɗin fakin ɗan kaɗan, amma a watan Oktoba da ganye ke canza launi ki yi sammako don ƙarshen mako wurin fakin yana cika tun hantsi.

Yanzu maganar doki. Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne ganin cewa ai mun san doki, mun tashi muna kallon hawan sallah, hawan daushe a Kano, hawan bariki a Katsina, mun ga doki yana ratsa dubban mutane ana kakaki ana tambari ana buga bindiga a gabansa ko gezau bai yi ba, sai mu ɗauka duk doki haka yake. Ba haka ba ne. Dokin sarki tun yana ɗan duƙushi yake cikin hayaniya, yara na wasa a gindinsa, awaki na giftawa, an saba masa da riga mai kaɗawa da rawani da laima. Dokin da za ki gani a can kuwa yawancin rayuwarsa tsakanin ɗakinsa ne da fili mai shinge da wannan dajin mai shiru, mutanen da ya saba gani wando ne da ƙaramar riga, don haka abin da dokinmu ba zai ko ɗaga kunne a kansa ba shi wannan yana iya zabura.

Kuma ki gane yadda Allah ya yi dabbar. Doki abin farauta ne, ba mafarauci ba, shi ya sa idanunsa suke gefe da gefe yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai wuri biyu ne ba ya gani, daidai bayan wutsiyarsa da kuma dab da goshinsa zuwa ƙarƙashin hancinsa. Yana saurin kama motsi amma yana ɗan jinkiri kafin ya tantance ko mene ne, kuma shi a wurinsa in bai gane abu ba gara ya gudu tukuna sannan ya waiwayo. Dabba ce mai nauyin kilo 450 zuwa 500 ko fiye, in ta yi tsalle gefe cikin ƙiftawar ido wanda ke kai ne ya fi shiga hatsari, sannan wanda ke tsaye kusa. To me ke ba doki tsoro a daji? Abin da ya yi shiru, ya laɓe, yana kallonsa. Haka damisa take yi, haka zaki yake yi. Mu kuma a tarbiyyarmu in za ka ba babba hanya sai ka koma gefe ka yi shiru ka sunkuyar da kai, wannan ladabin namu shi ne daidai abin da ke tayar wa doki hankali.

Bari in ba ki abin da ya faru a gabana. Wata rana da yamma a kaka ina raka wata yarinya mai shekara kamar 14 a kan wata goɗiya ja mai sanyin hali, ni ina gaba a kan nawa, muna gangarowa wajen kogin Pocantico, sai ga wani bawan Allah ɗan Afirka ta Yamma cikin farar jallabiya da jaka a bayansa, da ya hango mu sai ya yi abin da yake ganin kirki ne, ya sauka daga hanya ya shige bayan wata ƙatuwar bishiya ya tsaya cik don ya ba mu wuri. Goɗiyar nan ta kafe ƙafafu huɗu, ta ɗaga kai sama, kunnuwa suka miƙe suka nufi bishiyar, hancinta ya buɗe tana huci mai ƙara, ina kallon jijiyar wuyanta tana bugawa, abin da take gani kawai farin ƙyalle ne iska na kaɗa shi yana leƙowa yana komawa. Ta fara ja da baya tana neman juyawa, yarinyar ƙafarta ɗaya ta riga ta fita daga likkafa ta rungume wuyan dokin fuskarta ta yi fari fat. Na ɗaga murya na ce ɗan'uwa don Allah fito fili ka yi magana, ka ce komai. Ya fito ya ce assalamu alaikum, na amsa, na ce ci gaba da magana, ya fara ba ni haƙuri yana cewa bai sani ba. Kafin ya gama jimla biyu goɗiyar ta sauke kai ta saki dogon numfashi ta fara taunar linzami, shi kenan ta gane mutum ne, muka wuce ta gabansa ko kallo bai ishe ta ba.

Don haka abin da za ki yi ke nan. Da kin hango doki, ki tara yaran wuri ɗaya su tsaya a jikinki, ku koma gefen hanya duka gefe guda, kada rabi nan rabi can doki ya ga kamar an sa shi a tsakiya, ku tsaya a inda zai gan ku sarai, sannan ki gaisa da mahayin da murya irin ta hira tun yana nesa, ba sai ya iso ba. Doki ba ruwansa da yare, ko da Hausa kika yi magana ya wadatar, Mama ma ta ce sannu da aiki, abin da yake bukata kawai ya ji muryar ɗan'adam tana fitowa daga wannan abin da yake gani. In hanyar a jikin tudu take, gefe ɗaya hawa gefe ɗaya gangare, ku tsaya ta gefen gangaren. Mutane da yawa suna yin akasin haka suna hawa sama don suna ganin nan ne tsira, alhali abin da ke sama da doki ya fi masa kama da abin da zai diro masa a gadon baya, kuma in ya zabura zai gudu ne ya bar inda kuke, gara ya nufi tudu da ya nufi gangare da mutum a kansa. In mahayin ya ce ku yi wani abu daban, misali ya ce ku ci gaba da tafiya ko ku koma ɗaya gefen, ku bi maganarsa, shi ya san dokinsa. Dokar da ake bi a kusan duk gandun Amurka ita ce mai ƙafa ke ba doki hanya, inda aka yarda da keke kuma mai keke ya ba su duka biyun, za ki ga wani allo mai kusurwa uku da kibiyoyi a bakin hanyoyi da yawa, abin da yake nufi ke nan.

Maganar sutura na san za ta zo miki a rai. Ba wanda ya ce ki cire hijabinki ko Mama ta ajiye mayafinta, ina. Kawai in doki na tahowa kuma ana iska ki tattara bakin hijabin ki riƙe da hannu kada ya riƙa filfilwa, kada kuma a zaɓi wannan lokacin a warware mayafi a gyara yafawa. Laima in a buɗe take a bar ta yadda take a sauke ta ƙasa a hankali tun yana nesa, buɗe laima farat ɗaya a gaban doki yana cikin abubuwan da na ga sun fi kayar da mahaya. Ledar da ke ƙara, balan-balan, sandar da yaro ya tsinta yana wulwulawa, duk a dakata da su na minti ɗaya. Keken jariri ki juya shi yadda ke za ki kasance tsakaninsa da dokin.

Sai salla, don na san Azahar ko La'asar za ta same ku a can, musamman bayan an mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar. Ba wanda zai hana ki, ni kaina na sha yi, amma kada ki shimfiɗa darduma a bakin hanya ko bayan kwana inda doki zai ɓullo ya same ki kwatsam. Ki duba daga idon doki, abu ne dunƙule a ƙasa cikin zane, shiru, sai ya ɗago, sai ya miƙe tsaye, kuma ke kina cikin salla ba za ki iya yi masa magana ba. Ki nemi fili mai gajeriyar ciyawa da ya ɗan yi nisa da hanya inda ake hango ki tun daga nesa, ko kusa da ofishin baƙi, kuma ku yi bi da bi, ɗaya na salla ɗaya na tsaye yana lura da yara da hanya. Ofishin baƙin akwai banɗaki, ku yi alwala a can kafin ku shiga ciki.

In kuma ku ne kuka cim ma doki ta baya, yana tafiya a hankali ko an tsaya da shi, kada yaro ya ruga ya wuce ta gindinsa, nan ne ba ya gani kuma nan ne harbinsa yake kaiwa, ƙafar baya tana iya miƙewa da nisa. Ki yi sallama daga nesa ki tambaya ko za ku iya wucewa, ki jira amsa, ku wuce da tazara kuna magana. In kika ga an ɗaura jan ƙyalle a wutsiyar doki, alama ce da masu dawaki suka sani cewa wannan yana harbi, a ƙara masa nisa. Kunnuwa ma suna magana, in sun miƙe gaba yana nazarin abu ne, in suna juyawa nan da can hankalinsa a kwance yake yana saurare, in kuwa ya kwantar da su baya sun manne da wuya to ransa ya ɓaci, ku matsa. Wani lokaci za ku iya cin karo da keken doki ma, don har yanzu akwai masu fitowa da shi, marigayi David Rockefeller da ya rasu a 2017 yana da shekara 101 an san shi da tuƙa nasa a hanyoyin nan har cikin tsufansa. Shi keken doki ba ya iya tsayawa nan take ko kaucewa, don haka ku ba shi hanya gaba ɗaya. Masu gudun motsa jiki kuma suna da yawa sosai a wurin, sai ki riƙa jan yaran zuwa hannun dama.

Gaskiya in za a bi ta tawa, abin da ya fi doki hatsari a gandun nan kaska ce, kuma maganar tana da alaƙa da ba da hanya, don in mutum ya tsorata sai ya faɗa cikin doguwar ciyawa har gwiwa, alhali hanyar tana da faɗin da ba sai kin bar tsakuwa ba, ki tsaya a bakin-bakinta ya isa. Kaskar yankin nan ba irin ƙatuwar da muke cirewa a kunnen shanu ba ce, babbarta kamar ƙwayar riɗi take, ƙaramarta kuwa ba ta kai haka ba, sai ki ɗauka ɗigon baƙi ne a fata, kuma ita ke ɗauke da cutar Lyme da aka fara ganowa a garin Lyme na jihar Connecticut a 1975, nan maƙwabta. Barewa da ɓeraye ke yawo da kaskar. Ƙananan kaskar sun fi yawa daga Mayu zuwa Yuli, manyan kuma suna fitowa a kaka, wato daidai lokacin da kike son zuwa. Ku sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, ko ƙarƙashin zane ne ko doguwar riga, a fesa maganin ƙwari mai sinadarin DEET, da kun dawo gida kowa ya yi wanka a duba bayan kunne da cikin gashi da hammata da cibiya da bayan gwiwa, kayan kuma a jefa a injin busar da kaya da zafi sosai na minti 10. In kin ga kaska ta maƙale ki sa hantsaki ki kama ta dab da fata ki ja a miƙe a hankali, kada a shafa mata man shafawa ko kananzir ko a ɗosana mata ashana irin yadda muke yi a gida. Yawanci sai ta wuce awa 24 a maƙale kafin ta sa cutar, shi ya sa dubawar daren nan take da muhimmanci. Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne alamun cutar suna kama da zazzaɓin cizon sauro, zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, kasala, kuma zoben jan da ake cewa yana fitowa a fata a jikin baƙar fata ba lallai ya fito ja ba, yana iya zama kamar tabo mai duhu kawai. In wani ya yi zazzaɓi cikin wata guda bayan kun dawo, musamman Mama da za ta ce ai maleriya ce ta biyo ta daga gida ta ɗauko maganinta a jaka, ki kai ta asibiti ki gaya wa likita kun shiga daji a Westchester, in an kama da wuri ƙwayoyin antibayotik ne ake sha a warke.

Akwai kuma wata ciyawa mai ganye uku-uku a kara ɗaya, tana bin ƙasa tana kuma hawa bishiya da jijiya mai gashi-gashi, a kaka ganyenta yakan yi ja mai kyau har yaro ya so ya tsinka, man da ke jikinta yana sa ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi na sati biyu ko fiye. In an taɓa a wanke da sabulu da ruwa da gaggawa. Kashin doki kuwa za ki gan shi a hanya, ba komai ba ne ciyawa ce, a tsallake kawai. In kun bi ta ɓangaren gonar Stone Barns kuka ga shanu ko tumaki a cikin shingen waya kada yara su taɓa wayar, sau da yawa akwai lantarki a jikinta.

Hanyar da zan ba ku shawara a zuwan farko ita ce zagayen tafkin Swan Lake, daga wurin fakin minti kaɗan ne, mil ɗaya ne da ɗan ɗoriya, a shimfiɗe yake, in Mama ta gaji ta samu wuri ta zauna tana kallon ruwa ku kuma ku ƙarasa. In yaran suna da sauran ƙarfi akwai hanyar da ake kira 13 Bridges mai bin wani ƙaramin rafi tana tsallaka shi sau 13, yara suna son ƙirga gadojin, amma ta fi nisa. Ki karɓi taswirar takarda a ofishin baƙi ki kuma ɗauki hotonta a waya, don hanyoyin kamar saƙar gizo suke, mararraba bayan mararraba kuma duk kamarsu ɗaya, na sha tsintar mutane da magariba suna tafiya suna ƙara nisa da motarsu suna zaton kusantarta suke yi. Wani zuwan kuma ku gwada ɓangaren Rockwood Hall da ke bakin kogin Hudson, inda gidan William Rockefeller ƙanin tsohon yake kafin a rushe shi, harsashin ginin yana nan da fili mai faɗi.

Na san ƙaramin naki zai ce sai ya taɓa doki, kuma ba laifi ba ne ya so. Ki tambayi mahayin, wasu za su tsaya da murna wasu za su ce a'a don dokinsu sabo ne ko suna koya masa hanya, kada ki ji haushi. In ya yarda ki riƙe hannun yaron ku matso ta gefen kafaɗar dokin ta hagu, ba ta gaban fuska ba, ki bar shi ya sunsuni bayan hannunki tukuna, sannan yaron ya shafa wuya ko kafaɗa da tafin hannu a buɗe, ki kuma lura da inda ƙafar yaron take don kofato mai takalmin ƙarfe yana murƙushe yatsa. Kada a ba shi komai ya ci ko da dabino ne ko tuffa sai mai shi ya ce a ba shi, wasu dawakin an hana su zaƙi saboda ciwon kofato.